Hukuncin Shiru na Aji Biyar

Ni mai walda ne, kuma duk wanda ya daɗe a wannan sana'a sai kunnensa ya yi nauyi. Tun safe injin yankan ƙarfe yake kuka a gefen kaina, janareto yana gurnani a bayan shago, abokin aikina Dogo kuma yana zabga wa ƙarfe guduma kamar ya yi masa laifi. In na koma gida da yamma kunnen nan ba ya hutawa, shi kaɗai yake ci gaba da amo. Shi ya sa nake magana da ƙarfi ban sani ba, har matata takan ce in na yi mata sirri sai maƙwabta sun taya ta riƙewa.

A gidanmu mutum ɗaya ce muryarta take ratsa wannan amon, wato 'yarmu ta fari. Shekararta goma sha ɗaya, tana aji biyar na firamare, kuma duk layinmu Rediyo ake kiranta. Kakarta ce ta laƙa mata sunan tun tana koyon magana, ya kuma bi ta. Daga bakin ƙofa take tarye ni da labari: wa ya faɗi a filin wasa, wace malama ta zo da sabon takalmi yana cizonta, wane yaro ya kusa haɗiye murfin biro. Ina cire takalmin aiki tana kaina, ina goge baƙin hannuna da sabulu tana kaina. Rabin abin da take faɗa ba na kamawa, ina dai jefa "to" da "ikon Allah" inda ya dace, ita kuwa hakan ya ishe ta.

Bara makarantarsu ta hana bulala. Wasu mutane suka zo suka yi wa malamai horo, aka manna hotuna a bango, aka ce daga yanzu kowane aji yana da majalisarsa. A darasin ƙarshe na kowane mako yara za su zauna su tattauna abin da ya dame su, su ɗaga hannu su yanke shawara, malami kuma ya koma bayan aji ya zama ɗan kallo. Ni na yi murna, domin na sha bulala har na ƙoshi a zamanina, kuma ban ga abin da ta koya mini ba sai ƙarya da iya gudu. Rediyo kuwa kamar don ita aka ƙirƙiro abin. Har gida ta kawo mana majalisa. Sai ta jera ƙannenta biyu a kan tabarma ta sa su kaɗa ƙuri'a a kan wanda zai wanke kwanuka, kuma ban taɓa ganin ƙuri'ar nan ta faɗa kanta ba.

Uwarta ce ta fara lura da canjin. Wata rana ina cin abinci ta zauna ta gefen kunnena mai ɗan dama-dama, ta ce mini yarinyar nan ta kwana biyu ba ta magana. Tana dawowa sai ta ajiye jaka, ta tsakuri abinci, ta shige ɗaki ta kwanta tana fuskantar bango. In an tambaye ta abu sai ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Muka zaci ciwo ne. Muka kai ta asibiti aka duba maƙogwaro, aka auna jini, likita ya ce lafiyarta ƙalau, wataƙila girma ne yake zuwa mata. Ni dai ban gamsu ba, kuma hankalina ya tashi sosai.

Akwai 'yar maƙwabtanmu da ake kira Auta, benci ɗaya suke zama da Rediyo tun aji ɗaya. Kullum da safe takan tsaya a ƙofarmu tana buga ƙyaure da kwalbar ruwanta har sai Rediyo ta fito. Yanzu matata ta gan ta tana tsallaka titi ta bi ɗaya gefen, kanta a ƙasa. Matata ba ta da zafi irin nawa, amma ba ta barin magana ta kwana a ranta. Ta yafa mayafi ta shiga gidansu. Aka zaunar da Auta, uwarta ta yi lallashi, ta yi barazana, daga ƙarshe yarinyar ta fashe da kuka ta faɗi komai.

Malamin ajinsu mutum ne mai sanyin murya, yara suna kiransa Malam A-Hankali. Tun da aka karɓe bulala daga hannunsa ya sami wata dabara. In mutum ɗaya ya yi surutu ana darasi, to aji gaba ɗaya ba su fita hutu ba, su zauna suna jin ihun sauran yara a fili. Ba sai na faɗi wanda ya fi kowa jawo musu wannan ba. A makon da ake buga ƙwallo tsakanin azuzuwa Rediyo ta sake juyawa ta yi wa wata magana, aka hana su fita, aji biyar ba su buga wasansu ba, aka fitar da su daga gasar. Da ranar majalisa ta zo kowa a cike yake. Aka kawo maganar, aka ɗaga hannu, aka yanke cewa kada kowa ya ƙara yi wa Rediyo magana, in ta yi kuma kada a amsa mata. Wani yaro ya ƙara da cewa duk wanda ya kula ta ko ya goya mata baya shi ma hukuncin ya hau kansa. Wannan ma aka ɗaga masa hannu. Malam yana bayan aji yana duba littattafai.

Ana cikin haka aka kaɗa ƙararrawar tashi, kowa ya suri jaka ya yi waje. Babu wanda ya tuna ya ce shirun na kwana nawa ne. Da mako ya zagayo aka sake zaman majalisa, ba wanda ya iya tayar da maganar, domin tayar da ita goyon baya ne, kuma kowa ya ga abin da yake samun mai hukuncin. Auta ta ce tun ranar ta matsa can ƙarshen benci ta sa jakarta a tsakaninsu. Ta ce ko Malam ya yi tambaya Rediyo ta ɗaga hannu ba ya kiranta, wai yana girmama shawarar aji. Da farko Rediyo ta yi ta yi musu magana, tana ba su labari, tana tsokanarsu, suna kallon allo. Daga baya ta daina. Haka aka shafe makonni.

Da matata ta gama ba ni wannan labari ban san lokacin da na miƙe ba. Ta riƙe mini riga ta ce in zauna, makaranta dai a rufe take yanzu, in kuma na shiga wa yarinyar da wannan fuskar sai ta ƙara tsorata. Na wanke fuska na shiga ɗakinsu. Tana kwance, ƙannenta suna wasa a waje. Na zauna a bakin katifa, na yi iyakar ƙoƙarina na rage murya, na ce mata na ji komai, gobe zan je makarantar. Sai ta juyo da sauri ta kama hannuna. Dole na sunkuyar da kunnena daf da bakinta, domin muryar ta dusashe kamar ta mai mura.

"Baba, kada ka je," ta ce. "Ni na kawo hukuncin."

Na ce ban gane ba. A hankali, tana tsayawa tana haɗiyar yawu, ta yi mini bayani. Lokacin da aka kafa majalisa an tambaye su abin da za a riƙa yi wa mai laifi tunda babu bulala. Wasu suka ce shara, wasu suka ce tsallen kwaɗo. Ita ce ta miƙe ta ce a yi masa shiru kawai, ai shiru ba ya yi wa kowa ciwo. Aka tafa mata, har Malam ya ce ta yi tunani irin na manya. Ban da haka, shugabar makaranta ta taɓa faɗa musu a taron safe cewa in iyaye suka fara kawo ƙorafi a kan majalisa, to za a rushe ta a dawo da bulala. Akwai wani ɗan ƙaramin yaro a ajinsu wanda da, in ya ga bulala, sai fitsari ya kufce masa. Ta ce ba ta so a ce ita ta dawo da ita.

Na fito daga ɗakin. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta ɗauki nauyin makaranta guda ta ɗora a kanta, manyan da aka ba amanarta kuma sun wanke hannunsu tas. Matata ta ce wataƙila mu saurare ta, mu bi ta wajen iyayen yaran ɗaya bayan ɗaya. Na ce kafin mu gama zagaye gidajen nan yarinyar ta manta yadda ake buɗe baki. Ban ji shawararta ba, ban kuma ji roƙon 'yata ba.

Washegari na buɗe shago, na kunna inji, na ɗana sandar walda a kan wata ƙofa, sai na ga hankalina ba ya kan aikin. Na kashe na ce wa Dogo ya riƙe shagon. Ban sauya kaya ba. Da rigar aikina mai hudojin tartsatsi na tafi, tabarau na walda a goshina, ban ma tuna da shi ba.

Ofishin shugabar makaranta ɗan ƙarami ne, da fanka mai ƙara da kujeru biyu na baƙi. A bango akwai babban hoto na yara suna murmushi sun ɗaga hannu sama. A kan kabad kuma, can kusa da rufi, na hango bulala kwance ta yi ƙura. Shugabar dattijuwa ce mai natsuwa, ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Da a ce ta yi mini tsawa da na fi jin daɗi. Ta ce ba ta da labari, kuma abin bai yi mata daɗi ba. Amma ta ce in fahimci wani abu. Shekara guda suka yi suna koya wa yaran nan cewa muryarsu tana da daraja, cewa abin da suka yanke ba babban da zai zo ya shure shi da ƙafa. In ta shiga yau ta soke hukuncin da bakinta, sun gane cewa duk wasa ne, kuma malaman da tun farko ba su so tsarin ba za su sami abin faɗa. Ta ce haƙƙin yara ne su yanke shawara a kan zamansu.

"Malama, na ga haƙƙin aji," na ce. "Ina haƙƙin 'yata?"

Ta juya biro a hannunta. Sannan ta ce aji ne ya yanke, aji ne kaɗai zai iya warwarewa, sai a jira ranar majalisa. Na ce ba zan jira ba, a tara su yanzu. Ni a ganina magana nake yi irin ta mutane, ashe muryata ta cika barandar, har wasu malamai sun leƙo daga azuzuwansu. Shugabar ta duba ƙofa, ta dube ni, ta miƙe. Ta ce za a yi zama na musamman, amma doka ba ta yarda iyaye su shiga ba, sai dai in tsaya a waje. Ta ƙara da cewa bayan wannan dole ta kai maganar majalisar gaba ɗaya gaban taron malamai, kuma ba ta san abin da za su yanke ba.

Na tsaya a bakin tagar aji biyar. Tagar tana da sandunan ƙarfe, wanda ya yi waldar kuma bai ji tsoron Allah ba, duk haɗin ya yi tsatsa yana girgiɗi. Daga nan na hango 'yata a layi na uku. Bencin na mutum uku ne, amma ita kaɗai ce a gefe guda, sauran biyun sun cure a ɗaya gefen, jaka a tsakani. Da ta gan ni sai ta sunkuyar da kai.

Malam A-Hankali ya saurari shugaba, ya gyaɗa kai, ya ajiye alli ya koma bayan aji ya harɗe hannu. Monitar ajin ta fito gaba. Na zaci zan ga wata ƙatuwar yarinya mai mugun ido, sai na ga 'yar siririya mai gilashi. Ta tambaya ko akwai mai son tayar da maganar hukuncin da aka yanke. Ajin ya yi tsit. Kowa yana satar kallon na kusa da shi. Auta ta kifa kanta a kan benci. Monita ta sake tambaya, ba wanda ya motsa. Ta juya ta dubi Malam, shi kuma daga can baya ya ce a ba wadda aka yanke wa hukuncin dama ta kare kanta.

Rediyo ta miƙe tana riƙe da bakin benci. Na ga leɓunanta suna motsi. Na manna kunnena mai kyau a jikin sandunan, ban ji komai ba sai amon da na saba ji. Ban sani ba ko tana magana ne kunnena ya ci amanata, ko kuwa babu abin da yake fita. Sai na koma duban fuskokin yaran don in gane daga wajensu. Su ma ba su ji komai ba. Yarinyar da ake jiyo muryarta daga bakin titi ta tsaya a gaban 'yan ajinsu tana buɗe baki tana rufewa, hawaye yana sauka a kan rigar makarantarta.

Ban yi niyyar yin komai ba. Hannuwana ne suka damƙi sandunan tagar, su kuma da ma jira suke, suka yi wata irin ƙara, siminti ya zubo ƙasa. Aji gaba ɗaya ya juyo. Na san abin da suka gani: ƙaton mutum ya tare hasken taga, idanunsa jajur da hayaƙin walda, rigarsa duk ƙuna. Wani yaro a layin gaba ya ja baya har ya ture na bayansa. Monita ba ta ƙara jiran mai tayar da magana ba. Da sauri ta ce masu son a cire hukuncin su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, ba wanda ya rage, wasu ma biyu suka ɗaga.

Malam ya dawo gaban allo yana murmushi, ya ce su tafa wa kansu, sun nuna cewa majalisa tana iya gyara kuskurenta. Suka tafa. Shugaba ta raka ni har bakin baranda ta ce na gani, da an bi hanya komai yana warwarewa. Na yi mata godiya. Gaskiya na koma shago da sauƙi a raina, har na ba Dogo labari ina ƙara gishiri, ya yi dariya ya ce da shi ne ma da hannu da ƙafa zai ɗaga.

Da lokacin tashi ya yi na koma na jira ta a bakin ƙofar makaranta. Yara suka fito a guje, 'yan ajinsu suna ganina suna ratsewa. Ita ce ta fito kusan ƙarshe, ita kaɗai. Na karɓi jakarta na rataya, muka kama hanya ta gefen kwata, muna kauce wa masu babur. Na tambaye ta ko yanzu komai ya wuce. Ta ci gaba da tafiyarta. Na tambaye ta ko sun yi mata magana bayan na tafi. Ta ce monita ta zo ta ce mata an cire, shi ke nan. Auta ta ɗauke jakar daga tsakaninsu amma ba ta matso ba. Wasu kuma suna ta raɗa cewa babanta ya zo zai karya taga, kuma saboda ita za a dawo da bulala.

Na ce ta bar su, ai ta ga da idonta kowa ya ɗaga mata hannu. Sai ta tsaya a tsakiyar hanya ta ja hannun rigata. Na durƙusa na kawo kunnena.

"Ba ni suka kalla ba, Baba," ta ce. "Kai suka kalla."

Na san gaskiya ta faɗa, domin ni ma na ga idanun nan, babu ko ɗaya da ya juya wajenta lokacin da hannuwan suke sama. Na so in koma in kama wani in girgiza, amma na rasa wanda zan kama, duk yara ne, kuma na riga na tsorata su sau ɗaya.

"Gobe za ka zo ka tsaya a tagar?" ta tambaye ni.

Akwai ƙofofin wani gini da muka yi alkawarin kafawa gobe da safe, kuma aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Duk da haka na ce mata zan zo.

"Jibi fa?"

Na miƙe na gyara jakar a kafaɗata. Ta ɗan jira amsa, da ta ga ba ta zo ba sai ta sake kama hannun rigata, muka ci gaba da tafiya gida.